Ƙadangarun Wata a Ɗakin Wankin Ƙoda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro; shugaban asibiti da mataimakansa; babban likitan sashen ƙoda, wanda na ga ya fara duban agogo tun ban buɗe baki ba; ’yan’uwana ma’aikatan jinya, waɗanda muka tsufa tare da waɗanda muka horar a bakin aiki; masu gyaran injina, masu shara da goge-goge, da masu tura keken marasa lafiya; iyayenmu da ƙannenmu majinyata, waɗanda dominsu aka gina wannan ɗaki, dominsu kuma muke karɓar albashi; iyalansu da ke rako su, su yini a kan benci ba tare da kowa ya tambaye su ko sun karya ba; da sauran jama’a maza da mata da suka bar harkokinsu suka zo, ina gaishe ku baki ɗaya, barkanmu da ganin wannan rana.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ara mana rai da lafiya. Ina gode wa waɗanda suka gina wannan sabon ɗakin wankin ƙoda, suka zuba masa injina masu ƙyalli. Ina kuma gode wa hukumar asibiti da ta haɗa bikin buɗe shi da bikin sallamata daga aiki, sabon ɗaki ya shigo, tsohuwar Sista ta fita, a kan kujeru ɗaya da lemo ɗaya. Wanda ya kawo wannan shawara ya san tattali, Allah ya ƙara masa basira.

An ce in yi magana a kan ci gaban da sashenmu ya samu. Likita ya riga ya yi wannan, ya kuma yi shi da kyau, da alƙaluma da hotuna. Ni abin da na zo da shi bai kai nasa daraja ba. A kan akwatin talabijin zan yi magana, da wasu ƙadangaru, da wani dattijo da ke zaune a sahun gaba yana hararata. Batutuwana uku ne, in na wuce su shugaban taro ya karɓe abin maganar.

Na farko, ga waɗanda ba su san aikinmu ba. Idan ƙodar mutum ta daina aiki, inji ne ke wanke masa jini. Zai zo sau uku a mako, a soka masa allura biyu a hannu, ya kishingiɗa a kujera rabin yini, ba ya tashi, ba ya juyi, ba ya ko lanƙwasa hannun. Mutane suna zaton allurar ce wahalar. Allura ana sabawa da ita. Abin da ba a sabawa da shi shi ne zaman: ka zauna kana kallon jininka yana fita yana dawowa, ka zauna kana kallon silin, ka zauna kana lissafin abin da ciwo ya raba ka da shi, jibi kuma ka dawo ka sake.

Akwai talabijin a bangon tsohon ɗakinmu, mun kuwa sha fama da ita. Muka sa labarai, jinin mutane ya hau. Muka sa ƙwallo, wani ya zabura zai yi murna, allura ta kusa ficewa. Muka sa finafinan soyayya, dattawa suka sunkuyar da kai, matasa suka rasa inda za su sa idonsu. Ana haka sai wata majinyaciya da muke kira Malama, tsohuwar malamar lissafi ce, ta zo da jaka cike da faya-fayan da ta ƙwace a hannun ɗalibanta shekarun baya, ba wanda ya yi ƙarfin halin zuwa karɓa. A ciki muka tsinci wani shiri mai dogon zango, sunansa Ƙadangarun Wata.

Jama’a, ku ba ni dama in gaya muku abin da ke cikin shirin nan, ku kuma riƙe dariyarku saboda manyan baƙi. Wai akwai wasu ƙadangaru masu tsayin mutum da ke zaune a duniyar wata, inda babu bishiya balle inuwa, zafi ya ishe su. Shi ne suke saukowa a wani jirgi mai kama da murfin tukunya, suna satar inuwar mutane. Wanda aka sace wa inuwa sai ya manta hanyar gidansu, ya yi ta yawo a titi yana murmushi. Mai yaƙi da su kuwa wata direbar bas ce, makaminta ƙatuwar sifana, mai ba ta shawara kuma kakarta ce da ta daɗe da rasuwa, tana magana ta cikin rediyon motar. Zaren da aka rataye jirgin da shi ana ganinsa. Duniyar watan kowa ya san wurin fasa dutse ne. Jinin da suke zubarwa kuwa, ni da na yi furfura a cikin jini, ina tabbatar muku fenti ne, fentin ma mai araha.

Amma me ya faru? Ɗakin da a da ba ka jin komai sai ƙarar inji, sai ga shi ana musu. Akwai wani mahauci a cikinmu, ƙato, wanda ya kayar da bijimai ba adadi, shi ne ke rufe ido da hannunsa mai lafiya idan ƙadangare ya leƙo ta taga, yana tambayar na kusa da shi, “Ya tafi?” Sai muka kafa doka: kashi ɗaya a kowane zama, ba a ara wa kowa faifai, ba a kai wa kowa labari gida. Wanda yake son ya san yadda aka ƙare, ya zo ya ba da hannunsa. Ni na kafa dokar, ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Batu na biyu shi ne Baba Tela, na kuma nemi izininsa kafin in ambace shi. Ya ce in faɗa, amma kada in ƙara gishiri.

Baba Tela ya daɗe yana zuwa wanki, ’yarsa ce ke kawo shi. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a kan keken ɗinki, ciwo ya sauke shi, ya rufe keken da zane ya tura shi lungu. Ba ya hira, ba ya kallo, fuskarsa kullum tana bango. Wata safiya ina ɗaura masa abin awon jini, ya ce da ni a hankali, “Sista, na gaji. A bar ni in huta a gida.” Duk wanda ke aikin nan ya san ma’anar wannan magana, shi ma ya sani: mai irin ciwonsa idan ya bar wanki, kwanakinsa ba su da yawa. Likita ya zauna da shi. ’Yarsa ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ni ma na yi nasiha, na yi lallashi, na yi faɗa, domin faɗa ba ya mini wuya. Abin da muka samu kawai shi ne ya yarda ya ƙara zuwa sau ɗaya, saboda ’yarsa.

Ranar da ya zo ɗin, Allah cikin ikonsa, a ranar ne sarkin ƙadangarun ya fara bayyana. Mahauci ya rufe ido. Sarkin ya juya baya zai hau karagarsa, sai ga zif tun daga wuya har gindin wutsiya. Sai muka ji murya daga kujerar ƙarshe, muryar da muka kusa mantawa.

“Wane ne ya ɗinka wa bawan Allahn nan riga?”

Muka juya. Baba Tela ya baro bango, ya ƙura wa talabijin ido, ransa a ɓace. Ya ce, “Ku dubi hamatar. Hannun dama ya fi na hagu tsawo. Sarki guda, a sa masa zif a waje kamar jakar makaranta? Wannan telan ko almakashi bai kamata a ba shi aro ba.”

Haka ya yi ta sababi har kashin ya zo ƙarshe, inda sarkin ya taka inuwar direba da ƙafa, ya fara naɗe ta kamar tabarma, hoto ya ɗauke. Baba ya ce, “Sai me ya faru?” Na ce, “Sai jibi, Baba.” Ya yi tsaki. Da ’yarsa ta zo ɗaukarsa ya ce mata, “Jibi ki zo da wuri. Ba don shirin ba, so nake in ga ko za su gyara hamatar nan.”

Ba su gyara ba, alhamdu lillahi. Ya zo jibi, ya zo bayan jibi, yana zagin telan yana tambayar direba. Muka fara murna. Sai rannan ya kira ni ya ce, ba da wasa ba, ba kuma da fushi ba, “Sista, kada ki ga ina zuwa ki ɗauka na sake shawara. Ranar da faya-fayan nan suka ƙare, ni ma na gama zuwa.”

Na koma na buɗe jakar Malama, na ga abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Na tara abokan aikina muka yi shawara, muka kuma yanke irin hukuncin da ma’aikatan jinya kaɗai za su yanke. Mu a aikinmu, idan magani ya yi ƙaranci, ƙwaya ake rabawa biyu. Sai muka fara ba ɗaki rabin kashi. Wani lokaci mu maimaita na baya, mu ce faifan ne ya koma da kansa. Wani lokaci batirin rimot ya mutu, ya kuma ƙi samuwa a duk faɗin asibiti. Har ta kai idan muna miƙa aiki, bayan an faɗi awon jinin kowa, sai a ƙara da cewa, “An ba su rabi, saura rabi.” Muna ganin mun yi dabara, ashe Baba Tela kallonmu kawai yake yi.

Ya bari sai da ɗaki ya cika, sannan ya yafuto ni. Ya ce, “Sista, ni tela ne. Na yi shekaru ina jan yadi don ya isa riga, na san abu idan ana jansa. Ki ba ni kashina cikakke. Kada ki yi mini wayo a kan raina. In zan zauna, in zauna da sanina, in zan tafi, in tafi da sanina.”

Maganar nan ta shige ni, gaskiya kuma ya faɗa. Daga ranar muka koma kashi cikakke. Ban taɓa jin tsoron ƙadangarun nan ba, amma na ji tsoron jakar nan da ke ƙara zama fayau, tsoro irin wanda ke hana mutum cin abinci.

Faifan ƙarshe ya zo. An kama direba an kai ta duniyar wata, an rataye ta a bakin ramin da ake tara inuwoyi, sifanarta ta faɗi, muryar kakarta tana shaƙewa a rediyo, sarauniyar ƙadangaru, matar sarkin nan, ta matso ta buɗe baki. Sai rubutu ya hau. Muka jira, babu ƙari. Malama ta bincika a wayarta, ta ce masu shirin sun watse tun tuni, ba su taɓa yin ci gabansa ba. Ranar na ga ɓacin rai a ɗakin nan. Mahauci ya ce da ya san gidan mai shirin da ya je sun yi magana ta fahimta. Baba Tela kuwa ya miƙo mini hannu. Na cire masa allura, na danne wurin da auduga, ya gyara hularsa. A bakin ƙofa na ce, “Sai jibi, Baba.” Ya ce, “Sai wata rana, Sista.”

Jibi ta yi. Na shirya injinsa kamar kullum, na shimfiɗa sabon zane a kujerarsa. Kowa ya zo, muka ɗora kowa, kujerar ƙarshe babu kowa. Ba wanda ya ce a kunna talabijin. Ina ta kai da kawo ina gyara abin da ba ya bukatar gyara, ina yi wa ƙananan ma’aikata faɗan da ba su ci ba. Hantsi ya dubi ludayi, har na miƙa hannu zan kashe injin, sai na ji ƙwanƙwasar sandarsa a baranda.

Ya shigo, ’yarsa na biye da shi da jakar leda, idanunta sun yi ja amma tana murmushi. Ta raɗa mini cewa tun shekaranjiya ya sa aka jawo keken daga lungu. Ya karɓi jakar ya zaro kan ƙadangare, ɗinkakke da ƙyallayen kore, da haƙora, da idanu na maɓalli, ya ɗaga shi sama ya juya shi gaba da baya. Ya ce, “Wanda ya ga zif a nan ya faɗa.” Ba wanda ya gani. Sannan ya zauna ya miƙo mini hannu ya ce, “Waɗancan mutane ba su iya ɗinki ba, ba su kuma iya ƙarasa aiki ba. Ba a barin ’yar mutane a rataye a bakin rami a ce an tashi. Sa mini allurar, in gaya muku yadda ta kuɓuta.”

Na sa masa, ban san yadda na sami jijiyar ba, domin idona ya cika da hawaye. Ya gyara murya ya ce ai direba tun ranar farko ta lura da abin da shi ma ya lura da shi. Da sarauniya ta matso, sai ta yi lilo da igiyar, ta zagaya bayanta, ta kama zif ɗin rigar sarauniyar da haƙori ta ja shi har ƙasa. Rigar ta buɗe. Nan ya yanke labarin. Mahauci, da hannunsa a kan ido, ya ce, “Me ke ciki, Baba?” Ya ce, “Sai jibi.”

Tun daga ranar, bayan an kalli kashin duk wani shirin dodanni ko na ’yan sama jannati da muka samo, sai wani majinyaci ya ɗora labarin direba daga inda na baya ya tsaya, kan ƙadangaren yana kan cinyarsa. Sharaɗi biyu ne: ba a ƙarasa labarin, kuma dole ka bar ta cikin masifar da ta fi wadda ka same ta a ciki, na gaba ya san yadda zai yi. Baiwar Allahn nan ta faɗa rijiyar da ba ta da ƙasa, ta yi shari’a da aljanun ƙarƙashin teku, motarta ta yi faci a bayan rana. Malama ta sami ƙoda daga ƙanwarta ta bar mu, amma har yau takan kira ta tambayi inda aka kwana, mu kuma mu ce doka ta hana. Wasu daga cikin waɗanda suka ɗora labarin sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Abin da suka ƙara yana nan a ciki, ba wanda ya taɓa shi.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Sista ta ce talabijin na maganin ƙoda. Inji ke wanke jini, likita ke rubuta magani, Allah ke ba da lafiya. Sai dai inji ba ya zuwa gida ya ɗauko mutum. Dole mutum ya sami abin da zai sa ya ɗaura takalminsa da safe, ba kuma mu ke zaɓa masa abin ba. Wani jikokinsa ne, wani aikinsa ne, wani kuwa hamatar ƙadangare ce.

Batu na uku roƙo ne. Na zagaya sabon ɗakin nan, na ga an sa wa kowace kujera ƙaramar talabijin tata da abin sawa a kunne, kowa ya kalli abin da yake so. An kyauta, Allah ya saka da alheri. Amma ina roƙon shugaban asibiti, a gaban shaidu, a kafa babba guda ɗaya a bango inda kowa zai gani. Da kowa da tasa ce a tsohon ɗaki, da Baba Tela ya ga zif ɗin nan shi kaɗai, ya yi tsaki shi kaɗai, ba wanda ya ji balle ya yi dariya. Da mahauci ya rufe ido babu wanda zai tambaya ko dodon ya tafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, zaman kujerar nan kuwa ya fi jinka nauyi.

Ku kuma ƙannena da zan bar wa ɗaki, ku kula da allura, ku kula da awo, ku kula da tsafta, sannan ku ba mutane kashinsu cikakke, na magani da na labari da na gaskiya. Kada ku raina abin da majinyaci ya riƙa don kun ga zarensa a fili. Ku iyalai, idan kun zo ɗaukarsu, kafin ku tambayi abin da likita ya ce, ku tambaye su halin da direba take ciki. Ba za su gaya muku ba, amma za ku ga fuskarsu.

Shugaban taro ya fara matso da hannu, saura kaɗan. Na yi shirin hutawa. Na gaya wa jikokina cewa daga yanzu kakarsu tasu ce, na gaya wa ƙafafuna sun gama zarya a baranda. A zamana na ƙarshe da su, layin ba da labari ya faɗo kan Baba Tela. Sai ga shi ya shigo da wata sabuwar mata cikin labarin: wai wata tsohuwar ma’aikaciyar jinya, mai faɗan tsiya, mai tabarau a kan karan hanci, mai ɓoye batirin rimot a aljihu. Ɗaki ya kwashe da dariya, ni kuwa na yi kamar ban gane ba. Ƙadangaru suka biyo ta har bakin ƙofar asibiti ranar da za ta tafi gida, suka taka inuwarta, ƙafarta ɗaya a ciki ɗaya a waje. Nan ya tsaya.

Da na zo cire masa allura na sunkuya na ce, “Baba, ka san yau ce ranata ta ƙarshe. Gaya mini a kunne, ta tsira?”

Ya dube ni ta ƙasan ido ya ce, “Sista, wa ya kafa dokar ɗakin nan?”

Na ce, “Ni ce.”

Ya ce, “To ba a kai wa kowa labari gida. Sai jibi.”

Wanzami dai ba ya son jarfa. Saboda haka, ranka ya daɗe shugaban asibiti, roƙona ya zama biyu. Bayan talabijin ɗin bango, a ajiye mini kujerar roba guda ɗaya a bakin ƙofa. Ba zan sa farin kaya ba, ba zan taɓa inji ba, zan kuma yi iya ƙoƙarina kada in yi wa kowa faɗa. Inuwata tana hannun dattijon nan, ba ni da niyyar barin masa ita, na kuma lura shi ma ba shi da niyyar sakinta da wuri.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya mai ɗorewa, ya sauƙaƙa musu zaman kujera. Allah ya saka wa iyalansu da suke ɗawainiya ba gajiyawa. Allah ya ƙarfafi hannun ma’aikatanmu, ya sa allurarsu ta riƙa samun jijiya a karon farko. Allah ya albarkaci wannan ɗaki da waɗanda suka gina shi, ya jiƙan waɗanda suka zauna a tsohon ba su ga sabon ba. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, da inuwarsa a biye da shi. Mu kuma ’yan ɗakin wanki, ni da Baba Tela da sauranmu, Allah ya kai mu jibi.

Na gode.